Layin da Mama Kuve Ba Ta Gani Ba

Ranar da muka ciro DNA daga ayaba a makaranta, wata bakwai ke nan da Yaya Talatu ta dawo gidanmu a Duvu da ɗanta Ishaku da akwati ɗaya.

Dole in fara da wannan, in ba haka ba sauran labarin ba zai zauna ba. Ishaku yana da sikila. Shekararsa huɗu, amma in ciwon ya tashi sai ya naɗe kamar jariri, yatsunsa su kumbura. Kafin aure, kamar yadda ikilisiyarmu take yi, an nemi takardar gwajin jini daga Yaya da mijinta Yakubu. Tasa ta ce AS, tata ta ce AA. Fasto ya duba, ya ce babu damuwa. Da ciwon Ishaku ya bayyana aka sake gwada Yaya a asibiti, sai ga AS. Uwar Yakubu, Mama Ladi, ta miƙe a gaban zumuntar mata a cocin Gella, garin su Yakubu, ta ce Yaya sayen takarda ta yi don kada aure ya wuce ta. Yakubu bai ce ta saya ba, bai ce ba ta saya ba. Yaya ta jira shi sati biyu ya buɗe baki, sannan ta haɗa kayanta.

A gidanmu ba a zancen. Ni kuwa dama ba mai magana ba ce. Ina aji biyar na sakandare a Mubi, ina zama a benci na biyu kusa da taga, kuma akwai malaman da har yau ba su san muryata ba.

Malam Haruna, malamin bayoloji, shi ya koya mana aikin ayabar. A dama nunanniyar ayaba a leda, a zuba gishiri da sabulun wanke kwanoni, a tace da ƙyalle, a tsiyaya sifirit mai sanyi a hankali. Sai wani farin zare ya taso, kamar yauƙin kuɓewa. Malam ya ce wannan shi ne DNA, abin da ke ɗauke da gadon halitta daga iyaye zuwa 'ya'ya.

"Shi ke nan?" in ji Tumba, wanda ya fi kowa surutu a ajinmu. "Kai, Malam, ashe cutarmu ake yi. Gobe zan kama shago a bakin tasha, in rubuta Dakta Tumba."

"Kai da ko kofin shayinka ba ka iya wankewa," in ji Fadimatu.

Malam ya yi dariya, ya ce mu riƙe kofunanmu, baƙuwarmu ta iso.

Gajeriyar tsohuwa ce, da takalmin kambas da ya sha wanki, da leda a hannu ɗaya, da littafi mai baƙin bango da aka ɗaure da roba a ɗaya hannun. Malam ya ce sunanta Mama Kuve, 'yar Michika, ta yi ritaya bara bayan shekara talatin da wani abu a ɗakin gwaje-gwaje. Abu uku na lura da su. Da gwiwar hannu ta tura ƙofa. Farcenta a yanke yake har nama. Kuma duk tsawon maganarta, ko da ƙuda ya sauka a goshinta, ba ta kai hannu fuska, sai dai ta girgiza kai. Hausarta ta mutanen dutse ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. Na ɗan gyara a nan inda zai rikita mai karatu.

Ta ɗauki kofin Tumba ta ɗaga a taga, ta shinshina.

"Wannan DNA ne, babu ƙarya," in ji ta. "Amma in ka kawo mini shi a wurin aiki, a kwata zan zubar. Sabulu yana ciki, gishiri yana ciki, naman ayaba yana ciki. Da gumin hannunka, ɗana, don na ga ka tsoma yatsa."

Aji ya fashe da dariya. Ta jira muka gama, ta zauna a gefen tebur. Na buɗe bayan littafina na fara rubuta abin da take faɗi.

"Aikina na farko wanki ne. Ina da shekara goma sha tara aka ɗauke ni a wani ƙaramin asibiti a can dutse. Maigidana a wurin aiki Baba Zira. Shekara guda cur bai bar ni na sa ido a madubin duba jini ba. Gilashin da ake ɗiga jini a kai, shi nake wankewa. Ruwan sabulu, ɗauraya uku, a goge da tsohon zanen gado, a ɗaga a haske a duba. Gilashi ɗaya sai ya tsufa a hannunmu. Ran da na fasa ɗaya, Baba Zira ya sa na tsince gutsattsarin na jera a tebur, ya ce in tsaya in kalle su har a tashi aiki. A wurinsa, ma'aikaci nagari shi ne wanda ba ya zubar da komai. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

"Na haura hamsin aka tura ni kudu koyon aikin DNA, wata uku. Malamar da ke koya mana sa'ar 'yata ce." Ta zaro wani abu daga ledarta, kamar babban biro mai maɓalli a kai. "Wannan sunansa fifet. Yana zuƙo ruwan da bai kai ɗigon hawaye ba. Wannan kuma bakinsa ne." Ta nuna mana ɗan tsinin roba mai ruwan ɗorawa. "Sau ɗaya ake amfani da shi, a jefar. Ranar farko na leƙa kwandon shara na ga irinsu cike, sababbi fil. Na ce wa yarinyar, 'Ba a wankewa?' Ta kalle ni kamar na ce a kawo jinin in sha."

Fadimatu ta tambaya me ya sa, tunda ba su yi dauɗa ba.

"Dauɗar da ido ke gani, ita ce mai sauƙi, 'yata. DNA yana cikin fararen ƙwayoyin jini, su kuwa 'yan kaɗan ne. Sai ki fasa jajayen ki zubar, ki fasa fararen, ki wanke, inji ya wulwula kwalbar, ki sake wankewa, ki bar sifirit ya bushe ƙarƙaf. Abin da ya rage a gindin kwalba, da ƙyar ake ganinsa. Daga nan sai wani inji ya ninka shi, ya sake ninkawa, har ya yi yawan da za a iya karantawa. Injin nan kuwa ɗan gata ne. In abin ya yi ja-ja, jini ya biyo shi, ba zai yi aiki ba. In sifirit ya rage, ba zai yi ba. In jinin ya sha zafi a hanya, zaren ya tsittsinke, ba zai yi ba. Mutane suna zaton gwaji a inji yake. A hannu yake, tun kafin a kunna inji.

"Akwai katunan jarirai da aka taɓa aiko mini daga wani ƙauye. Ana huda diddigen jariri, a ɗiga jini a kati, a bar shi ya bushe a inuwa. Ma'aikaciyar wurin mai ƙoƙari ce, tana son su bushe da kyau. Sai ta jera su a kan kwanon rufi da rana tsaka, ta danne kowanne da ɗan dutse, kamar ana shanyar kuɓewa. Kati goma sha biyu, duk sun ƙone. Iyaye mata goma sha biyu aka sake kirawo daga gona a tsakiyar damina, aka sake huda 'ya'yansu. Ɗaya ta zage ni da yarenta, na ji kuma, don yarenmu ɗaya.

"Akwai wani dattijon Bafulatani daga kasuwar shanu. Suna jayayya da maƙwabcinsa a kan maraƙi, wani ya gaya masa muna iya gane uwa da ɗa. Ya yanko gashin wutsiya da almakashi, ya naɗe a farin hankici, ya fesa masa turare don girmamawa. Na ce, 'Baffa, mu na mutane muke yi. Kuma ko masu yin na dabba, tushen gashin suke so. Tumɓukowa ake yi.' Ya ce, 'Dada, in tumɓuke wa saniyata gashi? A kan wane laifi?' Ya naɗe hankicinsa, ya ce useko, wato na gode, ya tafi. Washegari ya aiko mini da nono."

Muna ta dariya. Ita ba ta yi ba. Ta miƙe ta ɗauki alli ta zana kwalba biyu a allo.

"Yanzu ku saurara, don wannan shi ne abin da ya kawo ni. In za a gwada sikila ta DNA, kwalba biyu ake yi wa mutum ɗaya. Ɗaya tana tambaya, akwai A? Ɗaya tana tambaya, akwai S? In akwai, layi zai fito a ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila, mu ɗauki hoto. Amma a kowace kwalba akwai wani layi daban a sama, muna ce masa layin shaida. Shi ba ruwansa da A ko S. Abin da yake faɗi kawai shi ne, DNA ɗin nan mai kyau ne, an yi tambayar, an kuma ji. In layin shaida ya fito, na S bai fito ba, mutum ba shi da S. In kuwa layin shaida bai fito ba, ba a ce maka a'a ba. Ba a ce maka komai ba. Kun gane?"

Muka ce mun gane.

"Shekarar korona ita ce shekarata mafi muni. Hanya a rufe, motar kaya ba ta zuwa. Safar hannu an kwashe an kai inda ake gwajin annoba. Wuta sai ta yi kwanaki ba a gan ta ba. Bakin fifet ya ƙare, ƙananan kwalabe suka ƙare, mutane kuwa ba su daina zuwa ba. Sai koyarwar Baba Zira ta tashi a hannuna. Na fito da kwandon shara, na zauna a bayan ɗaki da roba da garin sabulu. Na wanke, na ɗauraye sau uku, na shanya, na ɗaga a haske na duba. Tas. Har ina jin daɗin kaina, ina cewa yaran zamani ba su san wahala ba.

"Gilashi mai faɗi yana sakin sabulu. Wannan ɗan tsinin ba ya saki. Raminsa kamar na allura ne, sabulu yana kwanciya a ciki. Sabulun da ya taimake ku fasa ayaba yau, shi ne ke kashe gwaji in ya bi DNA zuwa inji. An koya mini wannan. Na sani. Amma hannuna ya girmi abin da aka koya mini.

"Wata Laraba, bayan an sassauta kulle, wata uwa ta shigo da 'yarta amarya. Aure ranar Asabar. An yi sanarwa uku a coci, an yi niƙa, an sayi sa. Fasto ya ce babu takarda, babu aure. Yarinyar ta yi zazzaɓi mai tsanani wata guda kafin nan, an ƙara mata jini leda biyu. Gwajin da aka saba yi jinin wanda ya ba ta zai karanta, ba nata ba. Dole sai DNA."

A nan birona ya tsaya. An ƙara wa Yaya jini leda biyu kafin aurenta. Kawu Bitrus ne ya ba da ɗaya, yana ta fariya da shi har yau. Na ce wa kaina, amare nawa ne a Mubi, zazzaɓi kuwa ba na mutum ɗaya ba ne.

"Ranar Juma'a na kunna fitila. Kwalbar A, layi ya fito dishi-dishi, da shaidarsa dishi-dishi. Kwalbar S, fili. Babu layi, babu shaida. Abin da ya kamata in yi, ɗan koyo ma ya sani: in ce a jira kaya su iso, a sake ɗibar jini. Sati biyu, ko uku. Uwar tana zaune a benci tun safe. Ta kawo farar kaza, an ɗaure mata ƙafa da jan tsumma, wata 'yar yarinya ta rungume ta a ƙirji. Ta ce, 'Mama, ki rufa mana asiri, baƙi sun fara sauka.' Na koma ciki na sake kallon hoton. Na ce, ai na ga A. Na rubuta AA, na sa hannu, na buga hatimi."

Ni na yago jan tsumman, daga tsohon siket ɗina. Shekarata goma sha ɗaya. Na tuna kazar ta yi mini kashi a silifa, na goge a ƙafar benci ina tsoron kada a gani. Na tuna ƙamshin maganin wanke ƙasa. Na tuna matar da ta miƙo takarda ta taga, takunkumi ya rufe mata hanci da baki, shi ya sa ban gane fuskarta ba. Na tuna Mamanmu ta durƙusa har ƙasa tana godiya.

Tumba ne ya fara magana, muryarsa ta canza.

"Mama, to AA ɗin ce?"

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba?"

"Ban sani ba, ɗana. Mai yiwuwa AA ce. Abin da na sani, na rubuta abin da ban gani ba. Bayan wata biyu kaya suka iso. Na jera hotunan makonnin nan, na ga irin abin da sabulu ya yi. Na sake gwada duk wanda ragowar jininsa ke nan. Biyu suka canza, na nemo su na gaya musu. Ragowar jinin amaryar ya lalace lokacin da firiza ta yi kwana tara babu wuta. Lambar wayar da aka rubuta ba ta shiga. Na hau mashin har ƙauyensu sau biyu, sunan da ke takarda babu wanda ya san shi."

A takarda Naomi aka rubuta, sunanta na baftisma. Ko fasto Talatu yake ce mata. Wayar kuwa ta Kawu Bitrus ce, wadda ta faɗa mayo, wato rafi, a daminar shekarar.

Mama Kuve ta cire robar littafinta, ta zaro wani ɗan hoto baƙi, ta ce a zagaya da shi, babu suna a jiki, lamba ce kawai. Da ya iso hannuna na ga 'yan layuka biyu a hagu, kamar an ja su da busasshen alli. A dama baƙi wuluk. Gefen hoton ya yi laushi saboda yawan taɓawa. Fadimatu ta zungure ni.

"Ke Rahila, miƙo mana. Ko kin ga mijinki ne a ciki?"

Na miƙa. Ban ji sauran abin da aka faɗa ba. Na dai ga Tumba ya ture kofinsa gefe, ya goge yatsansa a wando.

Da aka buga ƙararrawa na bi Mama Kuve a baya. Na bi ta har ƙofar makaranta. Na bi ta har bakin titi inda ake jiran keke. Ita ce ta juyo.

"'Yata, tun ɗazu kina bina. Tambaya ce?"

Na kalli takalminta. Na ce, "Jan tsumman, ni na ɗaura."

Ta zuba mini ido.

"AS ce," na ce.

Ta nemi wuri ta zauna a kan kwalbati, ledar ta faɗi, fifet ɗin ya gangaro cikin ƙasa, ba ta ɗauka ba. Sai ta sa hannayenta biyu ta rufe fuskarta. Da ta sauke su ta ce, "Akwai yaro?"

"Akwai."

"Yana da shi?"

"Yana da shi."

"Yana da rai?"

"Yana da rai."

"Uwan fa, ina yake?"

Na gaya mata Yaya tana gidanmu, na gaya mata abin da aka faɗa a zumuntar mata. Keke uku suka tsaya suka wuce. Mai na huɗun ya ce, "Mama, tafiya ko hutu?" Ta ɗaga masa hannu ya tafi. Ta ce in rubuta mata sunan unguwarmu da sunan da ake kiran babana da shi a kasuwa, ba na takarda ba.

Ranar Asabar da hantsi ta sauka daga mashin a ƙofar gidanmu, da littafinta da kwando a rufe. Na riga na gaya wa Yaya, ita kaɗai, ta saurare ni tana tsintar wake, ba ta ɗago ba. Mama Kuve ta gaishe da Baba da Mamanmu, ta faɗi abin da ta faɗa mana a aji, a taƙaice, ba ta ƙara gishiri ba, ba ta rage ba. Mamanmu ta riƙa cewa, "Ni ce, ni ce na matsa miki." Mama Kuve ta ce, "Ke uwa ce, roƙo aikinki ne. Ƙi ne aikina." Ta buɗe kwandon, sai ga farar kaza.

"Waccan ban iya yanka ta ba," in ji ta. "Wannan jikarta ce."

"Ba mu ba ki don ki dawo da ita ba," in ji Mamanmu.

Ta ajiye ta dai a gindin mangwaro. Ishaku ya riga ya tsuguna a gabanta.

Daga nan muka wuce Gella: Baba, Yaya, Mama Kuve, da ni, don ta ce ni ce shaida. Baba ya aika aka kira wani dattijon ikilisiya. Aka kawo wa Mama Kuve kujera, ta ƙi, ta zauna a tabarma. Yakubu ya tsaya a jikin rumbu, ya rame. Mama Ladi ta zauna a turmi ta harɗe hannu. Mama Kuve ta zana kwalba biyu a ƙasa da tsinke, ta yi bayani kamar yadda ta yi a allo.

"Ni ban san layi ba," in ji Mama Ladi. "Nawa suka ba ki ki zo ki faɗi wannan?"

"Kaza suka ba ni, shekara biyar da suka wuce, bayan na riga na rubuta. Na mayar yau."

"Kowa zai iya zuwa da hoto baƙi ya ce nasa ne."

"Gaskiya ne. Takardar tana nan?"

Yakubu ya shiga ɗaki, ya fito da Littafi Mai Tsarki, ya zaro takardar daga tsakiya. Ashe bai yar da ita ba. Mama Kuve ta buɗe littafinta ta miƙa masa. Ya duba lambar da ke kan takarda, ya duba ta bayan hoton, ya duba ta littafin. Ya duba sa hannun. Ya miƙa wa dattijo, shi ma ya sa tabarau ya duba, ya gyaɗa kai.

"Hannuna ne, hatimina ne," in ji Mama Kuve. "Yarinyar nan ba ta san abin da ke cikin jininta ba. Ta ba da hannu aka ɗiba, shi ke nan. In kuna neman wanda ya yi ƙarya, ga ni. Duk inda kuke so ku kai ni, zan je in maimaita."

Wata akuya tana cin ɓawon masara a bayanmu, ina jin ƙarar haƙoranta.

"Mama," in ji Yakubu, "yaron zai warke?"

"A'a. Amma zai iya girma. Ruwa da yawa, gidan sauro, maganinsa kullum, kada sanyi ya kama shi, in zazzaɓi ya zo kada a jira gobe. Kuma kowane ciki da za ta sake ɗauka, haka na iya faruwa. Ku je asibiti ku biyu a yi muku bayani."

"Da kin ce a jira, da ba a yi auren ba."

"Wataƙila. Wataƙila kuma da kun yi. Da dai ku ne kuka zaɓa, ba ni ba."

Yakubu ya zauna a ƙasa a inda yake. Dattijo ya gyara murya ya ce to, tunda gaskiya ta fito, sai Talatu ta yi haƙuri ta dawo ɗakinta, komai ya wuce. Baba ya kalli Yaya.

"Baba," in ji ta ga dattijon, a hankali, "ba a tsakar gidan nan aka ce na sayi takarda ba. A zumunta aka faɗa. Mata sun cika benci."

Mama Ladi ta miƙe ta shige ɗaki, ta saki labule.

Washegari Lahadi na roƙi Baba ya bar ni in je sujada a Gella. Bayan an tashi, mata suka taru a gefen hagu kamar yadda suka saba, ni na tsaya a waje ta taga. Aka yi waƙa, aka yi sanarwar gonar zumunta, aka yi ta wadda ta haihu. Shugabar ta ce akwai mai magana? Babu wanda ya motsa. Ta ɗaga hannu za ta rufe da addu'a, sai na ga Mama Ladi ta dafa benci ta miƙe. Ɗankwalinta ya karkace, ba ta gyara ba.

"Abin da na faɗa a nan a kan matar ɗana," in ji ta, "ba haka ba ne. Ba ta sayi komai ba."

Ta zauna. Wata tsohuwa a baya ta ce, "To, mun ji."

Ranar Talata Yakubu ya zo da mashin. Ya daɗe a zaure da Baba, sannan ya daɗe a bayan ɗaki da Yaya, ban ji me suka ce ba. Da aka ɗaure akwati, Ishaku ya ƙi hawa sai da kazarsa. Mamanmu ta ce in kama ta in ɗaure mata ƙafa. Na kama ta a gindin mangwaro, na shiga ɗaki na zazzage buhun tsummokara. Wanda ya fara faɗowa ja ne, ragowar siket ɗin nan. Na riƙe shi na ɗan lokaci. Yaya tana kirana daga waje, tana cewa in yi sauri rana tana yi wa yaro zafi.

Na mayar da shi cikin buhu, na ɗauki wani.